Lambar Babur: Shaida Ce Ko Haraji?



Gabatarwa

Watakila wasu daga cikin masu sauraro sun yi mamaki da suka ji an tara jama'a a zauren jami'a domin a yi magana a kan wani ɗan faifan ƙarfe da ake ɗaura wa babur a baya, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. To, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A kan wannan faifai ne abincin dubban magidanta ya rataya, da haƙƙin wanda aka kaɗe a titi, da kuma irin zaman da ke tsakanin talaka da hukuma.

Tambayar da za mu duba ita ce: shin ya kamata a tilasta wa kowane babur yin rajista da ɗaura lamba, har da ƙananan nan, watau masu feda, da marasa giya irin waɗanda mata da ɗalibai suka fi hawa, da kuma sababbin da ke tafiya da batir? A Nijeriya, ƙa'idojin zirga-zirgar titi na ƙasa na 2012 ba su bar babur a baya ba, sun wajabta masa rajista kamar yadda suka wajabta wa mota. Amma duk wanda ya tsaya a bakin shataletale na ɗan lokaci a kowane gari na Arewa zai ga babura da yawa suna wucewa bayansu fayau, wasu ma ko ledar kanti ba a ɓare musu ba. Saboda haka akwai doka a takarda, akwai kuma abin da ke gudana a titi, sa'an nan ga wasu sababbin ababen hawa da mutane ke ɗauka tamkar keke ne.

Amsata a taƙaice ita ce, i, ya kamata. Lamba ita ce ke haɗa inji da mutumin da zai amsa idan injin ya yi ɓarna, kuma ita ce garkuwar mai babur daga hukuncin da ake yanke wa kowa da kowa. Sai dai akwai sharaɗi, watau kada a mayar da ita hanyar tatsar talaka. Ragowar wannan lacca bayani ne a kan wannan amsa da wannan sharaɗi.

Yadda Babur Ya Shigo Rayuwarmu

Ƙananan babura 'ya'yan talauci ne tun asalinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mutanen Turai da na Japan suna bukatar abin hawa, ga shi kuma ba su da kuɗin mota. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da Vespa a 1946, kamfanin Motobécane na Faransa ya fito da Mobylette mai feda a 1949, sa'an nan Honda ta Japan ta fito da Super Cub a 1958, wanda ya zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100 nasa, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa.

A ƙasarmu, babur ya fara ne a matsayin abin hawan ma'aikaci. Lokacin da aka biya ƙarin albashin Udoji a 1975, akawu da malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti suka jingine keke suka hau Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki. A hayin iyaka kuwa, a Maraɗi da Damagaram, mobilet ce ta yi tashe. A wancan zamani mai babur sananne ne a unguwarsu, kuma galibi ma'aikatarsa ce ta ba shi rancen saye, takardunsa a cike suke.

Al'amura sun sake tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu. Darajar naira ta faɗi, motocin haya suka yi ƙaranci, masaƙu da masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Calawa suka yi ta rage ma'aikata. Mai babur ya ga yana iya ɗaukar mutum ya kai shi Kantin Kwari ya sami na cefane. Daga nan sana'a ta kafu, kowane gari da sunan da ya ba ta: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, okada a Kudu. Da baburan Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj na Indiya suka shigo da arha, sai samari suka yi ta barin ƙauye suna shigowa birni, 'yan siyasa kuma suka mai da rabon babur abin neman ƙuri'a. Yawan babura ya ninka, littafin rajista bai bi sawunsu ba.

Sa'an nan ga zango na uku wanda muke ciki. Tun da aka sanar da janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, babura masu batir suka fara yawa a titunanmu. Ba su da ƙara, ba su da hayaƙi, ana yi musu caji a gida kamar wayar hannu, kuma iyaye da yawa suna miƙa wa yara ba tare da tunanin lasisi ko lamba ba.

Mece Ce Lamba?

Masu ƙin lamba sukan ce baƙuwar al'ada ce da Bature ya kawo. Faifan kam Bature ne ya kawo shi. 'Yan sandan birnin Faris ne suka fara wajabta shi a 1893, Ingila kuma ta bi da dokar motoci ta 1903, wadda ta fara aiki a farkon 1904. Amma hikimar da ke ciki ta riga Bature zuwa ƙasar Hausa.

Mu ɗauki kasuwar dabbobi, kamar ta Wudil ko ta Maigatari ko ta Mai'aduwa. Mutum ba ya sayen sa daga hannun baƙon da bai sani ba sai ta hanyar dillali. La'adar da dillali ke karɓa ladan haɗa ciniki ce, kuma ladan lamuni ce, domin in daga baya aka zo aka ce san na sata ne, dillali za a riƙe, shi kuma ya nemo wanda ya kawo. Buzaye kuwa suna yi wa raƙumansu shaida da ƙarfe mai zafi, kowace zuriya da tata, yadda ko raƙumi ya ɓata tafiyar kwanaki, wanda ya gan shi zai san gidan da ya fito. A ɓangaren shari'a kuma, littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda almajiran fiƙihu suka daɗe suna karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a wuyan mutumin da ke tafe da ita, ko yana bisanta, ko yana ja, ko yana kora. Ma'anar wannan hukunci ita ce, abin hawa ba ya ɗaukar laifi, dole a sami mutum a bayansa.

A ƙauyen da kowa ya san dokin kowa, ba a bukatar rubutu. A birni mai miliyoyin mutane, inda babura dubbai suke launi ɗaya, ƙira ɗaya, daga kamfani ɗaya, ido ba zai iya aikin da yake yi a ƙauye ba. Lamba ita ce dillalin da aka rubuta a takarda, ita ce shaidar raƙumi da aka mayar faifai. Tana faɗin abu uku: wane ne mai wannan inji, ina yake zaune, kuma wace lambar inji ce ke tafe da wannan faifai.

Har ila yau, akwai wani abin lura a tsarin mulkinmu. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a cikinsu har da ba da lasisin keke da kwalekwale da baro da amalanke. Dattawanmu kuma suna tune da lasisin keke na zamanin En'e. In doka ta san da baron da ake turawa da hannu, da wace hujja za a ce ta kau da kai daga injin da ke gudun kilomita 40 a sa'a a cikin lungu?

Abin Da Rashin Lamba Ke Jawowa

Na farko wanda rashin lamba ke cuta shi ne mai tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne haɗarin titi ke kashewa a shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Duk wanda ya je dubiya Asibitin Ƙashi na Dala a shekarun da acaɓa ke tashe a Kano ba ya bukatar a karanta masa alƙaluma. To, a ce babur ya banke yarinya mai talla ko tsoho mai tsallaka titi, ya kuwa tsere. Waɗanda suka gani me za su faɗa wa 'yan sanda? Za su ce jan babur ne, saurayi ne a kai. Wannan siffa ta dace da rabin gari. Kuɗin ɗori da na magani sai su faɗa kan iyayen yarinyar, a ce tsautsayi ne, a rufe magana. Tsautsayi gaskiya ne, amma shari'a ba ta ɗauke lamuni saboda shi ba.

Tun 1945 aka yi doka a Nijeriya wadda ta wajabta wa mai abin hawa inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Da hukumar kula da inshora ta ƙasa ta sake farashi daga 1 ga Janairu, 2023, ta sa wa ƙaramar mota naira 15,000 a shekara, babur kuwa naira 3,000. Amma takardar inshora a kan lambar rajista ake rubuta ta. Baburin da ba shi da lamba ya fita daga wannan tsari gaba ɗaya, shi da duk wanda ya kaɗe.

Na biyu wanda ke cutuwa shi ne mai baburin kansa. Babur ya fi kowane abin hawa sauƙin sata. Ana ɗauke shi a ƙofar masallaci da ta asibiti, ana kuma kai matuƙi bayan gari a ƙwace, wani lokaci har da ransa. Abin da ke ƙarfafa wa ɓarawo gwiwa shi ne kasuwa, watau sanin cewa gobe zai sayar a wani gari ba wanda zai tambaye shi komai sai guntun rasiɗi, wanda kowa na iya rubutawa. Mai babur na gaskiya kuwa, ko ya ga kayansa a ofishin 'yan sanda, da me zai tabbatar nasa ne? Yawancin samarin nan ma ba nasu ba ne, na wani ne suke kai masa balas kullum, ko suna biya kaɗan-kaɗan. Ranar da aka sace, jari ya tafi, bashi ya rage.

Na uku, kuma shi ne ya fi girma, shi ne hukuncin bai-ɗaya. Bari mu bi tarihin da shekarunsa. A watan Oktoba na 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja. A watan Yuli na 2011 gwamnatin Borno ta hana hawan babur a Maiduguri, na haya da na gida baki ɗaya. A 2012 aka hana na haya a Jos, a shekarar kuma Jihar Legas ta yi dokar da ta kore su daga hanyoyi 475, ta ƙara tsanantawa a 2020 da 2022, kuma mun san da yawa daga matuƙan can 'ya'yanmu ne da suka tafi ci-rani. A Kano, ran 19 ga Janairu, 2013, 'yan bindiga suka kai wa tawagar marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero hari, bayan 'yan kwanaki gwamnati ta hana acaɓa, hanin da ya buɗe wa A Daidaita Sahu fili. A Jamhuriyar Nijar an hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, aka yi irin haka a yankin Tillaberi a farkon 2020. A watan Yuli na 2022 ma, Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa tana duba yiwuwar hana babura a duk faɗin Nijeriya.

Ba na cewa faifan ƙarfe zai tare harsashi. Inda ake yaƙi, hukuma takan ɗauki matakin da ba za ta ɗauka a lokacin zaman lafiya ba. Amma mu dubi waɗanda hanin ya fi shafa: manomin tattasai da ke kai kayansa kasuwa, ungozomar da ke zagaya ƙauyuka, malamin firamare da makarantarsa ke nesa da kwalta, mai haƙurin da ba motar da ke shiga garinsu da damina. Wake ɗaya ne ya ɓata gari, aka zubar da garin duka. Dalili kuwa shi ne hukumar da ba ta san masu babura ɗaya-ɗaya ba, hanya biyu kaɗai gare ta, ko ta ƙyale kowa, ko ta hana kowa. Wadda ke da littafin rajista sahihi tana da matakai da yawa a tsakani. Tana iya cin tarar mutum ɗaya, ta janye izinin wani, ta hana wata hanya ta bar wata, ta bi sawun baburin da aka yi laifi da shi har kantin da aka sayar. Saboda haka wanda ya fi kowa bukatar lamba shi ne mai babur mai gaskiya.

Hujjojin Masu Ƙi

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Hujja ta farko ita ce tsoron haraji. Talakan ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa duk ranar da aka zo ƙidaya, karɓa na biye. Shi ya sa makiyayi ke kora shanunsa daji in ya ji masu jangali sun iso, shi ya sa kuma soke haraji da jangali da Alhaji Abubakar Rimi ya yi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna a 1979 ya zauna a zukatan mutane har yau. Mai babur yana ganin in ya rubuta sunansa a littafi ɗaya, gobe masu tikiti biyar za su tare shi: na jiha, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, na tasha, da wanda ba a san ko na wa ba ne. Mun ga misali a Kano, inda direbobin A Daidaita Sahu suka yi yajin aiki a watan Fabrairu na 2021 a kan naira 100 ta kullum, suka sake yi a watan Janairu na 2022 a kan kuɗin sabunta izini, gari ya tsaya cik, ɗalibai da ma'aikata suka taka da ƙafa.

Hujja ta biyu ita ce wahalar samun lambar. Ofishin lasisi yana birni, mai babur yana ƙauye. Zai bar aikinsa na yini, ya je ya dawo sau biyu sau uku, a ƙarshe ya faɗa hannun 'yan tsakiya waɗanda za su ninka masa kuɗi, wani lokaci ma su ba shi jabu.

Hujja ta uku ita ce duk sabuwar doka sabon shinge ce a kan hanya, kuma an san abin da ke faruwa a wasu shingayen. Dokar da aka ɗora wa mutane ba tare da an shirya su ba takan zama abin dariya. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga matuƙa sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka, har labarin ya kai kafofin watsa labarai na duniya. A 2019 hukumar ta sanar za ta fara kama babura masu taya biyu da masu taya uku da ba su da lamba, ga shi kuwa har yanzu suna yawo.

Hujja ta huɗu ita ce mugu zai cire lamba ko ya ɗaura ta ƙarya. Wannan haka ne. Amma a garin da kowa ke da lamba, marar lamba ya fita daban, ido na kansa. A garin da rabin babura ba su da ita, mugu ya sami duhun da zai ɓuya. Sauran hujjojin uku kuwa, in mun lura, kukansu a kan yadda ake gudanar da rajista ne, ba su rushe amfaninta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ina Iyaka Take?

Saura tambayar ƙananan babura. In an ce kowane abu mai taya biyu ya ɗaura lamba, har keken yaro zai shiga. In an ce sai babban babur, to, mai batir da ke gudu kamar acaɓa ya tsira. Ma'aunin da ya dace shi ne irin ɓarnar da abin zai iya yi, ita kuwa tana rataye ne da nauyi da gudu. Ɗalibanmu na kimiyya sun san cewa ƙarfin karo yana ƙaruwa ne da murabba'in gudu, watau in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugun ya ninka sau huɗu. Abin da ke tafiyar kilomita 40 a sa'a yana bugu da ƙarfi ninki huɗu na wanda ke tafiyar kilomita 20, in nauyinsu ɗaya. Ƙashin mutum bai san fetur ba, bai san batir ba.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi wannan ma'auni. A wurinsu keken da ke da ɗan inji mai taimaka wa feda, wanda ƙarfinsa bai wuce wat 250 ba, kuma injin ke daina turawa in an kai kilomita 25 a sa'a, keke ne, ba a neman komai daga gare shi. Wanda ya haura haka zuwa kilomita 45 ƙaramin babur ne, yana da nasa hukunci. Faransa ta daɗe tana barin mobilet ba lamba, daga baya ta wajabta wa sababbi daga 1 ga Yuli, 2004, ta kuma ba tsofaffi wa'adi har farkon 2011. A lura da wannan wa'adi na shekara shida da rabi.

Dabarar Jamus ta fi dacewa da halinmu. A can mai ƙaramin babur ba ya zuwa ofishin rajista, ba ya kuma biyan harajin mota. Kamfanin inshora ne ke ba shi ɗan faifai idan ya biya kuɗin shekara, faifan yana aiki daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Fabrairu, launin rubutunsa kuma yana juyawa kowace shekara tsakanin baƙi da shuɗi da kore. Da kallo ɗaya ɗan sanda ya san ko akwai inshora, ba sai ya tsayar da kowa ba. Faifai ɗaya ya yi aiki biyu, ya faɗi mai shi, ya kuma tabbatar akwai mai biyan diyya.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ga abin da nake ganin ya kamata.

Na farko, a yi rajista a wurin saye. Dilolin babura ba su kai masu hawa yawa ba, kuma shagunansu sanannu ne. Kada babur ya bar kanti sai da lambarsa, mai fetur ne ko mai batir, muddin gudunsa ya wuce na keke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a raba rajista da neman kuɗin shiga. Kuɗin lamba kada ya wuce abin da aka kashe wajen buga faifan da shigar da suna, a biya sau ɗaya, a kuma liƙa farashin a bango da Hausa, boko da ajami. Gwamnatin da ta ɗauki littafin rajista a matsayin gona za ta sami kuɗi kaɗan, ta rasa littafin.

Na uku, a kai rajista inda mutane suke, watau sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da manyan kasuwanni ranar da suke ci. A haɗa ta da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, inda kuma adireshi ba shi da lambar gida, mai unguwa ko dagaci ya shaida, kamar yadda suka saba.

Na huɗu, a ba tsofaffin babura wa'adi mai faɗi, ba tara, ba tonon takardun kwastan. Abin da ake nema shi ne su shigo littafi. Wanda aka tsorata ɓuya zai yi.

Na biyar, a sauƙaƙa sauya suna idan an sayar, a kuma ɗora wa dillalan babur na hannu lamunin da dillalan shanu suka daɗe da ɗauka. Littafin da ke nuna sunan wanda ya sayar shekara biyar da suka wuce ba shi da amfani ranar da aka yi haɗari.

Na shida, inshora ta tafi tare da lamba, a kuma riƙa biyan diyya a bayyane, a sanar a rediyo. Ranar da mutane suka ji an biya wa 'yar wane kuɗin asibiti saboda wani ya riƙe lambar baburin da ya kaɗe ta, ranar za su fara ganin faifan nan da daraja.

Na bakwai, masu haya, inda aka yarda da sana'ar, su ƙara da riga mai lamba a baya, kamar yadda matuƙan Kwatano suke sa rigarsu ruwan ɗorawa, da kuma yadda ake yi a Kigali. Ƙungiyoyinsu su zama abokan shawara tun kafin a rubuta doka.

Na takwas ya shafe mu nan jami'a. Sassanmu na nazarin zaman jama'a da tattalin arziki da injiniya da lauya suna iya aika ɗalibai su ƙirga babura a mararraba, su tambayi matuƙa nawa suke biya a yini da kuma wa suke biya, su duba littattafan ɗakunan haɗari. Hukuma za ta fi jin shawarar da ta zo da ƙidaya.

Kammalawa

Jama'a, babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai taki gona, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai yaro makaranta, kuma babu alamar talaka zai sami abin da ya fi shi nan kusa. Abin da ya kai wannan matsayi bai kamata ya ci gaba da yawo ba suna ba. Wajibin mai babur ne ya yarda a san shi, domin wanda ya kaɗe ya san ƙofar da zai buga, shi ma in an sace masa ya sami abin nunawa. Wajibin hukuma ne kuma ta sa sanin ya zama mai sauƙi da arha, kada ta ɗana tarko a bayansa. In ɓangarorin nan biyu suka cika nasu, ranar da wani mugu ya yi ta'asa a kan babur, shi za a nema, a bar sauran bayin Allah su ci gaba da neman abincinsu.